Yadda Ake Shirya wa Jarrabawar Farko ta Aikin Netwok: Bayani ga Ɗalibanmu na Chereponi, Yendi, Salaga da Bawku



Da yawa daga cikinmu ba su manta da ranar Alhamis 14 ga Maris, 2024 ba, cikin kwanakin farko na watan azumi. A ranar ce intanet ta tsaya cak a wasu wurare, ta yi nauyi a wasu, a Ghana da ƙasashen da ke maƙwabtaka da ita. Dalili kuwa shi ne manyan wayoyi huɗu da aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku, wato WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, sun lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, kuma gyaransu ya ɗauki makonni. Mutumin da bai taɓa ganin teku ba ya ji abin a jikinsa, domin saƙonsa ya ƙi tafiya, harkarsa ta banki ta tsaya.

Irin wannan babbar matsala ba kullum take faruwa ba. Wadda muka fi sani ita ce ƙarama: ka je ofis ko asibiti ko banki, a ce maka “babu netwok, ka dawo gobe.” Sau da yawa abin da ya lalace yana nan cikin ginin, ko waya ce ta tsinke, ko na'ura ce ta rikice bayan an ɗauke wuta. Idan babu wanda ya iya a garin, sai a jira mai gyara ya taso daga Tamale. Mutumin ƙauyen da ya biya kuɗin babur zuwa Chereponi ya koma gida ba tare da biyan buƙata ba.

Kayan aikin sun riga sun iso arewa. A shekarar 2015 aka ƙaddamar da wayar faiba mai tsawon kusan kilomita 800 daga Ho zuwa Bawku, da reshe daga Yendi zuwa Tamale. Abin da ya rage shi ne a samu 'ya'yanmu, maza da mata, waɗanda suka iya kula da abin da ke ƙarshen wayar. Ƙofar shiga wannan sana'a ita ce jarrabawar matakin farko ta aikin netwok. Wannan rubutu zai yi bayanin yadda ake shirya mata, kuma jigonsa guda ne: da hannu ake cin wannan jarrabawa, saboda haka kada ka biya kuɗinta sai hannunka ya faɗa.

Wace jarrabawa ce, kuma wacce ta dace da kai?

Ba gwamnati ce ke shirya waɗannan jarrabawoyi ba, kuma ba jami'a ba ce. Kamfanoni da ƙungiyoyin sana'ar ne ke shirya su, ana kuma karɓar takardar shaidarsu a ƙasashe da yawa. Ba a neman digiri kafin a zauna musu. Guda uku ne suka fi dacewa da mai farawa.

Ta farko ita ce CCST Networking ta kamfanin Cisco, wadda aka fito da ita a 2023. Minti 50 ake yi, kuɗinta dala 125. An yi ta ne domin wanda bai taɓa aikin ba sam, kamar wanda ya gama sakandare.

Ta biyu ita ce Network+ ta CompTIA. Samfurinta mai lamba N10-009 ya fito a watan Yunin 2024. Tambayoyinta ba sa wuce 90, a cikin minti 90, kuma ana cin ta da maki 720 a ma'aunin da ya tashi daga 100 zuwa 900. Ba ta jingina da na'urorin kamfani ɗaya ba, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu nata a kan gano matsala da gyara ta ne. Kuɗinta ya haura dala 350.

Ta uku, wadda masu ɗaukar ma'aikata suka fi ambata, ita ce CCNA ta Cisco mai lamba 200-301. An fara ta a watan Fabrairun 2020, aka sabunta ta a watan Agustan 2024. Minti 120 ake yi, tambayoyi wajen 100, kuɗinta dala 300. Idan ka juya shi zuwa kuɗinmu zai kai sidi 3,000 ko fiye, gwargwadon canjin ranar, ban da kuɗin mota da masauki. Wanda ya faɗi ba a mayar masa da ko sisi, sai ya sake biya.

Shawara a nan ita ce: wanda yake da kwamfuta da watanni shida na karatu, ya nufi CCNA kai tsaye. Wanda bai saba da kwamfuta ba, ya karanta darussan CCST tukuna, ko da bai biya kuɗin jarrabawarta ba. Kuma ko wacce ka zaɓa, aikinka na farko shi ne ka shiga shafin masu jarrabawar ka sauke jerin batutuwanta na yanzu, kyauta ne. Ana sauya shi lokaci zuwa lokaci, kuma tsohon littafi kan sa mutum ya ɓata makonni a kan abin da aka riga aka cire.

Abin da ke cikin CCNA

A samfurin 2024, batutuwan sun kasu shida. Tushen ilimin netwok yana da kashi 20 cikin 100. Haɗa na'urori a cikin gini ɗaya, da waya ko da Wi-Fi, kashi 20. Bi da saƙo tsakanin netwok da netwok, kashi 25. Hidimomi irin su raba adireshi da fassara suna, kashi 10. Tsaro, kashi 15. Sarrafa netwok da manhaja, kashi 10. Abin lura shi ne ukun farko sun tashi kashi 65. Nan ya kamata mafi yawan lokacinka ya tafi.

Domin a gane abin da ake nufi, mu ɗauki misalin da kakanninmu suka sani. A zamanin fataucin goro, ayari kan taso daga Kano, ya bi ta Sansanne Mango da Yendi har ya sauka Salaga. Ba a tafiyar a yini ɗaya. Daga zango ne zuwa zango, kuma a kowace mararraba sai an san wace hanya ce ta gaba. Haka saƙo yake tafiya a intanet. Ana yanka shi ƙunshi-ƙunshi, kowane ƙunshi ɗauke da adireshin inda ya fito da inda za shi. Na'urar da ake kira rawuta ita ce mai tsaron mararraba: ta duba adireshin, ta duba jerin hanyoyin da ta sani, ta miƙa ƙunshin ga zango na gaba. Ita kuwa na'urar suwic, aikinta a cikin gida yake, tana haɗa kwamfutocin da ke wuri ɗaya. Idan wata hanya ta toshe, rawutoci na da ƙa'idojin sanar da juna su sauya hanya, kuma wadda CCNA ta fi tambaya a kai ita ce OSPF.

Lissafin da ba a tsallake shi

Akwai lissafi guda da yake kayar da masu farawa, wato tsaga adireshi. Adireshin IPv4 lambobi huɗu ne da ɗigo a tsakaninsu, kowace daga 0 zuwa 255, kamar 192.168.10.77. Wani ɓangarensa sunan unguwa ne, sauran kuma lambar gida. Lambar da ake rubutawa bayan karkatacciyar sanda, kamar /24 ko /26, ita ke nuna inda unguwa ta ƙare, gida ya fara.

Ga misali. A ce wata makaranta an ba ta 192.168.10.0/24, wato adireshi 256. Shugaban makaranta yana son a raba ofis da ɗakin kwamfuta da ɗakin malamai da Wi-Fi na baƙi, kada wani ya leƙa na wani. Sai ka tsaga shi gida huɗu da /26, kowane kaso adireshi 64: daga 0 zuwa 63, daga 64 zuwa 127, daga 128 zuwa 191, daga 192 zuwa 255. A kowane kaso, adireshin farko sunan unguwar ne, na ƙarshe kuma na shela ne ga kowa, saboda haka 62 ne kawai za a iya bai wa na'urori. Yanzu idan aka tambaye ka ina 192.168.10.77/26 yake, amsa ita ce yana kaso na biyu: unguwarsa 64, adireshin shelarsa 127, na'urori daga 65 zuwa 126.

A ɗakin jarrabawa ba a shiga da na'urar lissafi, kuma minti 120 ga tambayoyi wajen 100 na nufin kowace tambaya minti ɗaya ne da 'yan daƙiƙoƙi. Ke nan dole wannan lissafi ya zauna maka kamar yadda lissafin canji ya zauna wa mai shago. Hanyar ita ce ka haddace jerin 128, 64, 32, 16, 8, 4, 2, 1, sannan ka riƙa warware tambayoyi goma kullum a takarda. Wannan ba ya buƙatar wuta ko data. Idan ka kai inda kake ba da amsa cikin rabin minti ba kuskure, ka wuce babban shinge. Bayansa sai ka shiga IPv6, wanda tsawonsa bit 128 ne a maimakon 32, domin shi ma ana tambaya a kansa.

Inda za ka gwada da hannunka

Karatun netwok ba tare da gwaji ba kamar koyon ɗinki ne da baki. Alhamdu lillahi, ba sai ka sayi rawuta da suwic ba. Cisco na da shirin koyarwa mai suna Networking Academy tun 1997, kuma duk wanda ya yi rajista zai iya sauke manhajar Packet Tracer kyauta. A cikinta za ka jera na'urori a fuskar kwamfuta, ka haɗa su da waya, ka rubuta musu umarni kamar na gaske. Ba ta buƙatar kwamfuta mai tsada, kuma bayan ka sauke ta ka shiga da sunanka, aikin kansa ba ya cin data.

Ka sa wa kanka doka: duk abin da ka karanta yau, ka gina shi yau. Ka karanta VLAN, wato raba suwic ɗaya zuwa unguwanni, to ka gina makarantar nan ta misalinmu. Ka karanta DHCP, mai raba wa na'urori adireshi da kansa, to ka saka shi a ciki. Bayan ka gina, sai ka ɓata da gangan, ko ka sa abokin karatunka ya ɓata maka ba tare da ya gaya maka inda ya taɓa ba, sannan ka nemo. A nan ne ilimin yake zama. Umarni irin su ping da show ip route da show ip interface brief su zama abin da yatsunka ke rubutawa ba tare da tunani ba.

Ka kuma koyi bin matsala daki-daki, daga ƙasa zuwa sama. Shin fitilar ramin waya tana ci? Shin kwamfutar ta samu adireshi? Idan ka ga adireshinta ya fara da 169.254, to ba ta samu mai raba adireshi ba. Idan ta samu, shin tana isa ga rawutar gidan? Idan tana isa, shin tana kaiwa waje da lamba, kamar 8.8.8.8? Idan lamba na tafiya amma suna ba ya tafiya, matsalar DNS ce, wato mai fassara suna zuwa lamba. Wanda ya riƙe wannan tsari zai amsa tambayoyi da yawa, kuma shi ne ainihin abin da zai yi ranar da aka kira shi ofis.

Kada ka raina aikin waya. Ka sayi 'yan mitoci na kebul da kawunansa da abin matsewa, ka koyi jera launuka takwas bisa tsarin T568B: fari da lemo, lemo, fari da kore, shuɗi, fari da shuɗi, kore, fari da ruwan ƙasa, ruwan ƙasa. Ka san cewa irin wannan waya ba a ja ta fiye da mita 100. Ilimi ne ƙarami, amma sau da yawa shi ne farkon abin da zai kawo maka kuɗi.

Tsarin watanni shida

Awa ɗaya da rabi kullum ya fi awa goma a rana ɗaya. Mutane da yawa sun fi samun natsuwa bayan sallar asuba, kafin hayaniya da zafin rana. Wanda yake zuwa gona ya yi lissafi da kyau: kada ya sa ranar jarrabawa a tsakiyar damina ko lokacin girbin riɗi da waken soya. Rani ya fi dacewa da karatu mai nauyi, sai dai a riƙa rufe kwamfuta saboda ƙurar hunturu.

Wata na farko, tushe: matakai bakwai na tsarin OSI, nau'o'in waya, da tsaga adireshi. Wata na biyu, suwic da VLAN da Wi-Fi. Wata na uku da rabin na huɗu, rawuta da OSPF da IPv6. Sauran na huɗu da na biyar, hidimomi da tsaro da sarrafa netwok da manhaja. Wata na shida, bita da gwajin kai kawai.

Ka zaɓi malami ɗaya da littafi ɗaya ka bi su har ƙarshe. Littafin da Cisco ta amince da shi na Wendell Odom ne. A YouTube akwai cikakken darasin CCNA kyauta na Jeremy's IT Lab, akwai kuma na Professor Messer ga masu Network+. Saboda tsadar data, idan ka samu wuri mai intanet mai ƙarfi ka adana darussan mako guda a wayarka. Wanda yake karatu a Tamale ko Bolgatanga ko Navrongo ya tambayi sashen kwamfuta na makarantarsa ko suna cikin shirin Networking Academy, domin ɗaliban da suka kammala kwasa-kwasai uku na CCNA a hannun malami da sakamako mai kyau kan samu rangwamen kuɗin jarrabawa.

Sai batun harshe. Da Turanci za ka amsa, kuma tambayoyin kan zo da tarko: a ce ka zaɓi amsa biyu, ko a tambayi wadda ba daidai ba. Ka buɗe littafin rubutu, duk kalmar da ka ci karo da ita ka rubuta ma'anarta da harshen da kake tunani da shi, Hausa ne ko Anufo ko Dagbanci ko Kusasanci. Idan ka iya yi wa ƙaninka bayanin DNS da harshen gida ya gane, to ka fahimce shi.

Gargaɗi a kan satar amsa

Za ka haɗu da masu tallan “ainihin tambayoyin jarrabawa” a WhatsApp da Telegram, wasu ma su ce za su zauna maka ko su sayar maka da takardar shaida. Ka nisance su. Waɗannan tambayoyi sato su aka yi, kuma dokar Cisco da CompTIA ta ba su damar soke sakamakon wanda aka kama, su kuma hana shi sake zama. Amsoshin ma sau da yawa kuskure ne. Takardar bogi kuwa ba ta daɗewa, domin mai ɗaukar aiki na iya tantance ta a intanet cikin minti kaɗan. Abin da ya fi wannan muni shi ne ranar da za a tsayar da kai gaban na'urar asibiti, jama'a na jira a layi, ka rasa ta inda za ka fara. Netwok ɗin ofis amana ce, domin bayanan lafiya da kuɗin mutane ne ke bi ta cikinsa.

Gwajin kai na halal daban ne: tambayoyi ne da malamai suka rubuta da kansu bisa jerin batutuwa. Ka yi su da agogo, ba littafi a gabanka. Ga ma'aunin da za ka auna kanka da shi kafin ka biya kuɗi: kana samun kashi 85 ko fiye a gwaji uku da ba ka taɓa gani ba, kana tsaga adireshi cikin rabin minti, kuma kana iya gina netwok mai rawuta uku daga farko ba tare da leƙa littafi ba. Idan ɗaya ya gaza, ƙara wata guda ya fi asarar dala 300.

Rajista da ranar jarrabawa

Ta hannun kamfanin Pearson VUE ake zama CCNA da Network+. Sunan da za ka yi rajista da shi ya zama daidai harafi da harafi da wanda ke kan fasfonka ko Ghana Card ɗinka. Mu da ake rubuta sunayenmu iri-iri, yau Mohammed gobe Muhammad, sai mu kula sosai, domin bambancin suna na iya sa a hana mutum shiga.

Hanya biyu ce. Ko ka je cibiyar jarrabawa, akwai su a Accra, kuma shafin kamfanin zai nuna maka wadda ta fi kusa da kai. Ko ka zauna a gida ta intanet, mai sa ido na kallonka ta kyamara. Ta biyun kamar ta fi sauƙi, amma sharuɗɗanta na da tsauri: ɗaki a rufe, ba mai shigowa, ba mai magana, teburi ba komai a kai, intanet ba yankewa, kuma suna gargaɗi a kan jona kwamfuta da datar wayar hannu. A gidan da yara ke kai da kawo, ga ɗaukewar wuta, hatsarin yana da yawa. Ga mutumin Chereponi ko Bawku, tafiya cibiya ta fi kwanciyar hankali ko da ta fi tsada. Ka isa garin kwana ɗaya kafin ranar, ka je ka ga wurin, ka yi barci sosai.

A CCNA, idan ka wuce tambaya ba ka komawa kanta, saboda haka kada ka bar ko ɗaya ba amsa, kada kuma ka daɗe a kan guda. A Network+ ana iya sa wa tambaya alama a dawo mata. Wanda bai ci CCNA ba sai ya jira kwana biyar kafin ya sake zama, kuma takardar sakamako za ta nuna masa ɓangaren da ya yi rauni.

Bayan an ci, da abin da jama'a za su iya yi

Gaskiya ɗaya ce, takardar ba ta ba da aiki da kanta, kuma CCNA da Network+ shekara uku suke yi a sabunta su. Abin da take yi shi ne ta sa a saurare ka. Sauran kuma aikin hannunka ne: ka gyara ɗakin kwamfutar makarantarku, ka ja waya a shago, ka saka kyamarar tsaro, ka rubuta duk abin da ka yi domin ranar neman aiki.

Iyaye da shugabannin unguwa, ku ma kuna da rawar takawa. Ɗaki ɗaya mai wuta da teburi da kwamfuta biyu ya ishi ɗalibai biyar su yi karatu tare. Kuɗin jarrabawa ana iya tara shi ta adashi, wanda muke kira susu, a bai wa wanda ya fara cika ma'aunin nan da muka ambata. Kada a bar 'yan mata a baya, domin aikin na kai ne da haƙuri. Wanda ya ci kuma ya dawo ya zaunar da na bayansa, har a kai ranar da idan netwok ya tsaya a Chereponi, mai gyaran yana nan cikin gari.

Allah ya ba ɗalibanmu sa'a, ya sa albarka a abin da suka koya.